BA KOWANE FARIN ABU A SAMA NE KUMBO BA

Zuwa ga shugabanni da sakatarorin rassan jam'iyya na Magarya, Dungas, Bande, Waca, Kwaya, Sasumburum, Yekuwa, Malawa, Guci da Dogo-Dogo. A karanta wannan takarda da ƙarfi a taron reshe, domin waɗanda ba su yi lakwal ba su ma su ji.



Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasarmu ya taɓa ganin abin da za mu faɗa. Rana ta take, kasuwa ta cika, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya nuna sama. Can ƙololuwa ga wani ɗan farin ɗigo yana ƙyalli, ba fiffike, ba ƙara. Kafin a ce kwabo masu awo sun bar tiya, dillalai sun bar kara, kowa ya kare ido da tafin hannu. Tsohuwa ta ce aljani ne. Wani ya ce alamar yaƙi ce. Sa'an nan sai wani mai rediyo ko mai waya a aljihu ya gyara murya ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, tauraron ɗan Adam ne, kumbon Nasara ne." Shi ke nan, magana ta ƙare, kowa ya koma cinikinsa yana ganin an ba shi ilmi.

To, mu a nan muna cewa ba a ba shi ilmin kome ba. Mai cewa aljani da mai cewa kumbo duk jirgi ɗaya ya kwaso su, gama dukansu biyu sun yanke hukunci ba su duba ba. Abin da mu ke so kowane reshe ya riƙe shi ne wannan: abin da ido ya gani a sama da rana tsaka, da wuya ƙwarai ya zama tauraron ɗan Adam. In kuwa ba shi ba ne, ashe wani abu ne dabam, kuma haƙƙinmu ne mu san ko mene ne, da wanda ya aiko shi.

ME YA SA BA A GANIN SHI DA RANA

Tauraron ɗan Adam na'ura ce ta ƙarfe da a ke harbawa da roka ta riƙa kewaya duniya. Na farkonsu shi ne Sputnik, wanda Rasha ta harba ran 4 ga Oktoba 1957. Girmansa bai wuce na babban tulu ba, nauyinsa kilo 83 da 'yan kai, yana kuwa kewaye duniya cikin minti 96. Irin waɗannan na'urori ba su da fitila. In ka ga ɗaya yana haske, hasken rana ne ya doke shi ya dawo, kamar yadda kwanon rufi ke walƙiya daga nesa.

Saboda haka lokacin ganinsu ƙayyadadde ne: bayan magariba zuwa wajen lisha, da kuma gabannin asuba. A sa'an nan mu a ƙasa muna cikin duhu, shi kuwa da ya ke can sama da nisa rana ba ta faɗi a gare shi ba. Da rana tsaka sararin sama kansa ya fi shi haske nesa ba kusa ba, sai ya ɓace kamar yadda taurarin Allah ke ɓacewa. Ko Echo 1, wanda Amurka ta harba a Agusta 1960, mai faɗin mita 30, mai sheƙi kamar madubi, da dare mutane ke fita kallonsa. Tashar nan ta sararin sama da ƙasashe su ka haɗu su ka gina, wadda ta kai filin ƙwallo girma, tana wajen kilomita 400 bisa kanmu, ita ma da almuru ko asuba a ke ganinta.

Abu na biyu shi ne gudu. Na'urar da ke kewaya kusa da duniya tilas ta yi gudun wajen kilomita 28,000 cikin awa guda, in ba haka ba ta faɗo. Don haka takan ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan cikin 'yan mintoci, a miƙe, ba tsayawa, ba juyawa, ba ƙara. Akwai waɗanda ke tsaye wuri guda, watau irin waɗanda farantin talabijin na bisa soro ke fuskanta, amma su suna nesa da mu wajen kilomita 36,000, ido ba ya kai musu ko da dare. To, in abu ya tsaya bisa kasuwa tun hantsi har azahar, ko ya yi ta kewaya gari yana dawowa, ko aka ji gurnaninsa, wallahi ba tauraron ɗan Adam ba ne, kome wanda ya faɗa.

TO, MENE NE?

Na ɗaya, Zara ce, wadda kakanninmu ke kira matar wata, malamai kuma su ce Zahra. Ba ta tafiya ko'ina da rana. Tana nan, kuma a lokacin da ta ke da ƙarfin haske mai kaifin ido yakan gan ta da rana tsaka in sama ta yi garau, musamman bayan ruwa ya wanke ƙura. Alamarta ita ce ba ta nisa da rana. Ka miƙe hannu ka auna da taƙi: ba ta wuce taƙi biyu da ɗan ƙari daga rana, gabas ko yamma. Ka tsaya a inuwar bango yadda zai kare maka rana, ka daidaita ta da kan reshe ko kusurwar soro, ka jira. Za ka ga tana gusawa yamma sannu-sannu, daidai da tafiyar rana. Gobe war haka ka komo wurin, za ka same ta kusan inda ka bar ta. Amma fa kada kowa ya kuskura ya dubi ƙwayar rana, balle da madubin hangen nesa, gama makanta ce.

Na biyu, balan-balan ɗin masu awon yanayi. A manyan tashoshin awo na duniya akan cika wata babbar roba da iska mara nauyi, a ɗaura mata ɗan akwati mai auna zafi da laima da iska, a sake ta. Lokacin saki ɗaya ne a duniya duka, wanda a agogonmu ya zo wajen ƙarfe 1 na rana da ƙarfe 1 na dare. Takan hau har wajen kilomita 30, tana kumbura, sa'an nan ta fashe cikin awa biyu ko ƙasa da haka, ɗan akwatin ya faɗo da igiyarsa a gonar wani. Akwai kuma manya da kan yi makonni a sama suna bin iska. Wani kamfanin Amurka mai suna Loon ya yi ta sakin irinsu domin kai intanet ƙauyuka, har ya yi aiki a Kenya a 2020, kafin a rufe shi a 2021. A Fabrairu 2023 kuma Amurka ta harbo wata ta ƙasar Sin da ta ratsa samanta, ta ce leƙen asiri ta ke yi. Alamar balan-balan ita ce tafiyar hawainiya, da bin iska, da sheƙi in rana ta yi yamma.

Na uku, jirgin sama na fasinja. Yakan bi hanyarsa a miƙe wajen kilomita 10 ko 12 bisa ƙasa, wani lokaci da farin wutsiya a bayansa, ƙararsa kuwa takan zo daga baya, bayan ya wuce.

Na huɗu, kada mu raina na gida. Shamuwa in ta hau sama gabannin damina takan zama ɗigo. Leda kuwa, wadda ta cika mana kasuwanni, in guguwa ta ɗauke ta takan kai inda ungulu ke shawagi, tana juyi tana walƙiya.

Na biyar shi ne wanda ya sa mu ka rubuta wannan takarda: jirgi mara matuƙi. Shi ne ke kewayawa, ya tafi ya komo, wani lokaci a ji shi kamar injin niƙa daga wani ƙauye mai nisa. Shi yana da ido, waɗansu kuma suna ɗauke da makami, akwai kuma mutum zaune a wani ɗaki yana tuƙa shi yana kallon ƙasa.

INA RUWAN JAM'IYYA DA SAMA?

Mun san akwai 'yan'uwa da za su ce, hatsi ya yi tsada, taki ya gagara, matasa sun tafi ci-rani, ku kuwa kuna maganar taurari. Maganarsu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma su tuna da tarihi.

Ran 13 ga Fabrairu 1960, wata shida kafin Nijar ta karɓi mulkin kai ran 3 ga Agusta, Faransa ta fasa bom ɗinta na ƙare-dangi na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya. Ƙurarsa ta bi iska ta sauko ƙasashen kudu da Sahara. Wa ya shawarci manomin gyaɗa na Magarya? Wa ya gaya wa makiyayi abin da ke cikin hazon da dabbobinsa ke shaƙa? Gana ta yi kuka, Nijeriya kuma ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961 bayan fashewa ta uku. Daga ƙasar Afirka ɗin nan dai, a Hamagir ta Aljeriya, Faransa ta harba tauraronta na farko ran 26 ga Nuwamba 1965. A Kano, wadda ba ta kai kilomita 150 daga Magarya ba, Amurkawa sun kafa tashar sauraron kumbunansu, tana cikin waɗanda su ka bi sawun John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya ran 20 ga Fabrairu 1962. Irin wannan tasha a Zanzibar jama'a sun yi ta ƙorafi a kanta, aka rufe ta bayan juyin 1964. Watau tun farkon al'amarin, ƙasarmu da samanmu suna cikin lissafin manya, mu ne kawai ba a sa mu a lissafi ba.

Ba kuwa tsohon labari ba ne kaɗai. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta yi shekaru tana tashinsu daga can, sai a 2024 ta kwashe sojanta. Sojan Faransa na ƙarshe sun fita a Disamba 2023. Nijar kanta ta sayi irin waɗannan jirage daga Turkiyya a 2022. Maƙwabciyarmu ma tana da su, mu kuwa a bakin iyaka mu ke, wanda ya tashi daga Tinkim da hantsi ya yi azahar a Ɓaɓura. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi mara matuƙi na sojan Nijeriya ya jefa bom kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum 85 ko fiye su ka rasu, sojan kuma su ka amsa cewa kuskure ne. Allah ya jiƙansu. Waɗannan Hausawa ne talakawa irinmu, a taro irin namu.

To, ku duba. In jama'a sun saba da cewa duk abin da ke sama "kumbo ne, ba ruwanmu," wa ya ci riba? Wanda ke shawagi bisa kanmu ba da izni ba, shi ya ci. In kuma sun saba da firgita a kan kowane farin ɗigo, wa ya ci riba? Mai baza jita-jita, da ɓarawon da ke jiran kasuwa ta watse, da boka mai sayar da layar tsari. Ranar da abin tsoro na gaskiya ya zo kuwa ba mai saurare, don an gaji da ihu. Jahilci iri biyu ne, na mai tsoron kome da na mai raina kome, maganinsu kuwa ɗaya ne, a duba a rubuta.

IN ABU YA FAƊO

Akwai lokaci guda da kayan kumbo kan bayyana da rana, watau sa'ad da su ke faɗowa. Tsohuwar roka ko mataccen tauraro in ya shigo iska yakan kama wuta, ya rarrabu gutsu-gutsu, ya ja layi a hankali har rabin minti ko fiye. Dutsen sama kuwa ƙiftawa kaɗan ne ya wuce, wani lokaci da tsawa a bayansa. A Mayu 2020 gutsattsarin wata rokar Sin sun faɗo a ƙauyukan Kodebuwa. Ran 30 ga Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin wajen kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Abin da ya sami waɗannan yana iya samun Guci ko Kwaya.

In haka ta faru, kada yara su taɓa, kada a kai wa maƙeri, kada a sayar wa 'yan gwangwan. Tankunan irin waɗannan na'urori sukan riƙe ragowar mai mai dafi. A Janairu 1978 wani tauraron Rasha mai suna Kosmos 954 ya tarwatse bisa arewacin Kanada da gubar nukiliya a cikinsa, aka yi watanni ana tsince-tsince, daga baya Rasha ta biya Kanada dala miliyan 3 na kuɗin Kanada. Ta biya ne don akwai yarjejeniyar duniya ta 1972 wadda ta ɗora wa ƙasar da ta harba abu alhakin ɓarnar da ya yi a ƙasa. Amma diyya sai da shaida. In an riga an sare ƙarfen an yi fartanya da shi, da me gwamnati za ta yi magana?

Dutsen sama shi ma dukiya ce. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, dab da wani manomi. Masana su ka gane daga baya cewa daga duniyar Mars ya fito, aka yayyanka shi, gutsattsarinsa su ka bazu ɗakunan bincike da hannun attajirai na ƙasashen waje. A Nuwamba 2023 an tsinci wani irinsa mai kusan kilo 25 a jahar Agadas. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya, sai bayan haka gwamnatinmu ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Jiya gyaɗa ce a ke awo da mudun mai saye, yau har abin da Allah ya jefo mana daga sama an fi mu sanin kuɗinsa.

ABIN DA KOWANE RESHE ZAI YI

1. Sakatare ya ware littafi guda domin wannan aiki. In an ga abu, ya rubuta rana da wata, da ƙarfe nawa, da wurin da aka tsaya.

2. Ya rubuta ta ina abin ya fito, ina ya nufa, taƙi nawa tsakaninsa da rana, minti nawa ya yi, ko ya tsaya, ko ya kewaya, ko an ji ƙara.

3. A nemi shaidu uku masu hankali, a tambaye su ɗai-ɗai, ba a gaban juna ba. Abin da ido ya gani za a rubuta, ban da abin da aka ji a bakin wani.

4. Gobe war haka a koma wurin a sake dubawa. In yana nan, Zara ce, a gaya wa jama'a haka a fili.

5. A tuntuɓi reshen kasuwa ta gaba. In Bande da Dungas sun ga abu ɗaya a lokaci ɗaya a gefe ɗaya na sama, yana da nisa ƙwarai. In Bande kaɗai ta gani, yana kusa.

6. In abin yana kewaya gari, ko ya komo kwana biyu ko uku a jere, a kai wa mai gari da hukuma a rubuce, a aiko wa hedkwatar jam'iyya kwafi. Kada wani ya harbe shi, kada kuma a yi shela a kasuwa kafin a tabbata.

7. In abu ya faɗo, a kewaye wurin da ƙaya, a sa mai tsaro, a kira jandarma. A rubuta sunan mai gonar da irin ɓarnar da aka yi masa.

8. Ɗan jam'iyya ba ya tura hoto ko murya ta waya a kan abin da bai gani da idonsa ba.

Bayan wannan, muna roƙon rassa su fitar da matasa bayan magariba su ga tauraron ɗan Adam na gaskiya. Ba wuya yanzu, gama sun yi yawa: na kamfanin Starlink kaɗai, wanda ya fara harba su da yawa a 2019, sun haura 7,000 a 2025, kuma sababbin harbawa sukan bi juna a jere kamar ayarin raƙuma. Wanda ya ga na gaskiya sau biyu ba a ƙara ruɗinsa da leda. A gayyato mushen lakwal, a gayyato malamin da ya san hisabi, a gayyato tsohon manomin da ke duban Kaza da 'ya'yanta ya san shuka ta kusa. Mutanen da ke fita duban jinjirin watan azumi kowace shekara, su kawo shaida a gaban alƙali, ba za a ce musu duban sama baƙon abu ne ba.

ABIN DA MU KE NEMA GA GWAMNATI

Nijeriya ta sami tauraronta na farko a Satumba 2003. A Nuwamba 2024 gwamnatinmu ta sa hannu da kamfanin Rasha mai suna Glavkosmos a kan taurari uku. Madalla, in za su taimaki manomi da labarin ruwa, su taimaki makiyayi da labarin ciyawa. Amma saye dabam, sani dabam. Wanda ya sayi doki bai iya hawa ba, mai linzami ya saya wa. Muna nema a koyar da ilmin sararin sama a makarantunmu da harshen da yara ke ji, a tura 'ya'yan talakawa daga jami'ar Damagaram su koyi ƙira da tuƙin waɗannan na'urori. Muna nema ma'aikatar awon yanayi ta riƙa sanarwa ta gidajen rediyon karkara, da Hausa, irin abin da ta ke saki da kamanninsa. Muna nema kuma in reshe ya kai rahoto a rubuce, a ba shi amsa a rubuce: namu ne, ko na maƙwabta ne, ko na wa ne. Talaka bai nemi a buɗe masa asirin soja ba. Abin da ya nema shi ne ya san ko zai tara jama'a a ɗaurin aure da kwanciyar rai.

'Yan'uwa, iyayenmu sun yi fama domin ƙasar da mu ke takawa ta zama tamu. Saman da ke bisa gonakinmu ma na ƙasar nan ne, ba kuwa za mu iya tsaron abin da ba mu san shi ba. Ran kasuwa mai zuwa, in yaro ya nuna sama, kada ɗan jam'iyya ya zama na farkon ba da suna. Ya zama na farkon duban agogo da fitar da alƙalami.

Sakatarori su aiko da abin da su ka rubuta tare da rahoton ƙarshen wata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Amin.

Daga Sakataren Yaɗa Labari.